Injin Taliya Ya Rasu, Rago Ya Dawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma baki mai ƙaiƙayin magana, Badi'a 'yar gidan Inna Indo ta Madadi, wadda ke aure a Masanawa, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Gwarzo da na ƙasar Kabo, da duk wanda ya taɓa lashe yatsa a kan taliyarta, cewa injin taliyarta ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gidan Inna, a ɗaure jikin bencinsa, da kwaɓi a bakinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya ce an yi saɓo. Badi'a ta tambaya, an ce mata ko fitila ce ta mutu wa mutum yana iya faɗin haka, balle inji.

A yi haƙuri da rubutun. Mai sanarwa a ƙaramar sakandare karatunta ya tsaya, kuma da hannu ɗaya take rubutawa, ɗaya hannun yana riƙe da wani abu da za a zo kansa nan gaba. Ta so a kai a karanta a rediyo yadda ake yi wa manyan mutane, maigidanta ya ce in ya ji sunansa a rediyo a kan injin taliya, to shi da zama a majalisa har abada. Maigidan nan, bakinta ba ya faɗin sunansa, amma biro ba shi da kunya: Lukuman mai gyaran keke, na bakin hanya.

Marigayi ba a san ranar haihuwarsa ba. An ce daga ƙasar Turawa ya zo, akwai ma rubutu a gefensa, amma maiƙo da ƙurar fulawa sun rufe shi tun kafin Badi'a ta iya haɗa baƙi. Mahaifiyarta Inna Indo ce ta ɗauko shi daga kasuwar Gwarzo a zamanin ostarati, lokacin da sabulu da madara sai an bi layi, shinkafa ta koma abincin sallah, taliyar kanti kuwa sai dai a ji labarinta a bakin waɗanda suka je birni. Badi'a tana goye a bayan Inna aka kawo shi gida. Don haka duk waƙar renon da aka yi mata, marigayi ne ya yi rabinta. Inna na murzawa, shi yana cewa gurr-ƙiƙ, gurr-ƙiƙ, ita kuma tana gyangyaɗi a baya.

Halinsa kowa ya shaida. Bai taɓa neman fetur ba, bai san ana ɗauke wuta ba, bai taɓa yajin aiki ba. Da fulawa ta yi wuya aka koma ba shi garin alkamar gida mai tsakuwa-tsakuwa, ya karɓa ya haɗiye, ya fitar da taliya santala-santala, launinta ne kawai ya ɗan yi duhu. A bakinsa aka ɗinka wa yaran gidan kayan sallah, a bakinsa aka sayi littattafan da Badi'a ta yi karatun da ta yi, ɗan wannan da kuke gani. In aka shanya taliya a igiya, tsakar gidan Inna ya koma kamar shagon masu labule, kaji a ƙasa suna ta tsalle ko za su dace. A dafa ta, a zuba manja da yaji, wanda ya ci bai nemi ƙari ba kunya ce ta hana shi.

Abu ɗaya ne marigayi ba ya so a rayuwarsa, shi ne ruwa. Ba a wanke shi. In an gama aiki a bar ragowar kwaɓin ya bushe, a kakkaɓe, a goge shi da busasshen tsumma, a ɗiga masa man gyaɗa a haƙora, a lulluɓe. Ranar da za a kai Badi'a ɗakinta Inna ta sa shi cikin kayan ɗaki. Mata suna ta yi wa amarya nasihar zaman aure, ita Inna abin da ta raɗa mata a kunne shi ne, “Injin nan, komai ki yi masa, ban da ruwa.” A riƙe wannan magana, za a dawo kanta.

A Masanawa ma ya yi suna. Amarya ba ta gama ƙosa da lalle ba aka fara sallama da kwanoni a ƙofar gidanta. To sai Badi'a ta fara wani ɗan ciwo irin wanda ba a faɗin sunansa a gaban manya, wanda in an gan ki da shi murmushi ake yi maimakon sannu. Warin kwaɓin fulawa ya zama abokin gabanta. Da ta buɗe buhu sai ta yi bayan ɗaki da gudu. Marigayi ya koma ƙarƙashin gado ya kwanta, bai ce komai ba, dama shi ba mai ƙorafi ba ne.

Ga kuma zamani. Taki ya gagari talaka, gonar maigida ta ba da abin da ta ga dama, masu kekuna kowa ya koyi liƙe tayarsa da kansa. Duk ranar kasuwa in aka wuce da raguna ta gaban rumfarsa, sai maigida ya dawo gida ya zauna yana juya cokali a kwano. Badi'a ta san abin da ke cinsa. Mai zuwa yana nan tafe, ranar suna kuma ana son a kwantar da rago, in ba haka ba matan gari sun samu abin taunawa har abin da aka haifa ya yi wayo ya ji da kunnensa.

Ana cikin haka Gwaggo Hajaratu ta Kara ta zo ganin 'yarta da ke aure a maƙwabtan Badi'a. Gwaggo dattijuwa ce, gidan kiwo ta fito, yanzu suna noma suna kiwon tumaki, kuma duk ƙasar Gwarzo ba a san macen da ta kai ta tsafta ba. Ƙoren nononta in ta jera su a rana sai sun kashe wa mutum ido. Ta taɓa cin taliyar Badi'a, tun daga nan abin ya tsaya mata a rai. Ta ce, “Ke 'yar nan, abin nan da kika jefa ƙarƙashin gado, da ni kika ba in riƙa yi wa jikokina. Ina da ɗan rago, ki karɓa.”

Aka kawo ɗan rago. Gaskiya a lokacin ƙashi ne da fata da ƙaho, amma ƙahon ya fara lanƙwasa gwanin kyau, Badi'a ta tsaya kallon ƙaho. Ta miƙa inji, ta miƙa mariƙinsa, ta miƙa ƙarfen da ake ɗaure shi da shi a benci, ta nuna yadda ake kwaɓi da yadda ake murzawa. Aka yi musaya a gaban shaidu, kowa ya ce Allah ya sa albarka. Duk abin da ya kamata ta faɗa ta faɗa, ban da zancen ruwa.

Rago ya faɗo gidan daɗi. Dusa, harawa, ruwan tsari, ragowar tuwo, har ƙanzo Badi'a ta hana kanta ta ba shi. Ya cika ya batse, wuyansa ya yi ninki-ninki. Maigida ya dawo da fara'arsa, ya dinga jawo abokai da dangi gida wai su zo su sha ruwa, alhali rago yake so su gani. Ita kuwa Badi'a, da tashin zuciya ya wuce sai kwaɗayi ya zo, kuma duk abincin duniya ba abin da ranta ke so sai taliya 'yar murji. Ta sa aka sayo ta wani gida, ta ci ta ji kamar igiya take tauna. In sarƙar keken maigida ta yi ƙara a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka muryar marigayi ce.

Da ciki ya tsufa aka kai ta Madadi goyon ciki, tunda na fari ne. Inna ta duba kayan da ta zo da su, ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, sannan ta ce, “Ina injina?” Badi'a ta shiga ba da labarin rago da ƙahonsa, tana ta zuba, tana jira a ce ta yi dabara. Inna ta bari ta gama tsaf.

“Rago da safe za a yanka shi, kafin la'asar sai fata,” in ji ta. “Da kin taho da injin nan, ni in murza ke ki shanya, kafin ki sauka mun haɗa abin rago, inji kuma yana nan daram. Shirya, za ki je Kara neman iƙala.”

Badi'a ba ta taɓa jin kalmar ba, ba a boko ba, ba a Islamiyya ba. To ga masu irin karatunta, ga yadda Inna ta yi bayani tana ɓare gyaɗa:

“Ku yaran yanzu komai ku ce an fasa, an soke. Fasawa ai tun ba a ƙulla ba ne. In kuma cutar ki aka yi, aka ɓoye miki aibin kaya, wannan sai gaban alƙali, mai shi ya so ko bai so ba. Iƙala daban take. Ciniki ya faɗa, kaya lafiya lau, ba wanda ya cuci wani, zuciyarki ce kawai ta ƙi kwanciya. Sai ki je ki cire takalmi ki durƙusa, ki ce don Allah a mayar da ni inda nake. In mai shi ya ƙi ba shi da laifi, ki tashi ki kaɗe zaninki. In ya yarda, kowa ya ɗauki abin da ya bayar, ba ƙari ba ragi, ba kuma a dawo ana mita. Malamai sun ce shi mai yardar, Allah zai yafe masa nasa tuntuɓen ranar da yake bukata. Mu haka muka ga ana yi, tun ba a zo da rasit ba.”

Ba ƙari ba ragin nan bai yi wa Badi'a daɗi ba, ta tuna dusa da ƙanzo, amma ta haɗiye.

Da yamma maigida ya zo duba ta, ta same shi a zaure ta gaya masa. Tun bara da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya zama malami, har masu liƙin taya suna ba da fatawa a rumfa. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Badi'a, yanzu fa Shari'a ake yi. Ciniki in ya faɗa ya faɗa, na ji a rediyo.” Inna tana tsakar gida, kunnenta kuwa ba ya barci. Tunda suruka ba ta yi wa mijin 'yarta magana kai tsaye, sai ta fuskanci katanga ta ɗaga murya: “A gaya wa katangar nan, Shari'ar da ta ji a rediyo bara, mu da ita aka yaye mu.” Katanga ta ɗauki hularta ta tafi kwance rago.

Washegari Inna da Badi'a suka shiga mota, maigida ya biyo da rago a ɗaure a bayan keke, rabin hanya tuƙi rabin hanya turi, rago yana kuka, shi ma kaɗan ya rage. Duk hanya Badi'a tana nanata kalmar a zuciya kar ta ɓace mata. Suka isa Kara, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura da nono. Aka gaisa, ya gida, ya dabbobi, ya damina, ya nauyin jiki, ya mutanen Madadi, ya aka baro na Masanawa, aka sake zagayowa kan dabbobi. Sannan Badi'a ta durƙusa, da ƙyar don ciki ya tokare, ta ce, “Gwaggo, iƙala na zo nema, in Allah ya sa za ki...”

“Na yarda!” in ji Gwaggo Hajaratu, tun ba ta ƙarasa ba. “Kai, rabona da jin wannan kalma tun kakata na raye. Na yarda, 'yar nan, tashi kar ki haihu mini a tabarma.”

Mai hankali in ya ga irin wannan sauri zai tsaya ya yi tunani. Badi'a murna ta yi, ta ɗauka iya lafazinta ne ya yi aiki. Aka saki rago cikin 'yan uwansa, ya fi ubansa girma. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da marigayi a naɗe cikin farin ƙyalle, ta buɗe. Jama'a, tunda Badi'a take ba ta taɓa ganinsa da irin wannan kyau ba. Sai ɗaukar ido yake. Har rubutun Turawan nan ya fito.

“Da kika ba ni shi duk maiƙo ne,” in ji Gwaggo, “na ce yaran yanzu ba sa kula da kaya. Kullum sai na dirje shi da toka da yashi, yadda nake wa ƙorena. In kwaɓi ya maƙale masa a haƙora, in tsoma shi a ruwa ya jiƙu ya saki.”

Inna ta buɗe baki za ta yi salati. Amma an riga an ce na yarda, an shafa addu'a, kuma da bakin Inna aka ce ba a mita. Suka yi godiya, suka karɓi man shanun da aka ba su tsaraba. Sai a mota Inna ta juyo ta ce, “Ba ki gaya mata ba?”

Badi'a ta ce, “Inna, ƙahon nake kallo.”

Daga nan jinya ta fara. Aka ɗaure shi a tsohon bencinsa, aka yi kwaɓi, maƙwabta suka leƙo da kwanoninsu don sun ji an ce ya dawo. Inna ta murza. Maimakon gurr-ƙiƙ sai ya ce ƙiiii, kamar an taka wutsiyar mage. Taliyar da ta fito ja ce, kamar an riga an zuba mata manja. Tsatsa ta cinye shi ta ciki, wajen ne kawai fes. Aka ba shi man gyaɗa, ya ƙi. Maigida ya zo da kayan aikinsa, ya ba shi kananzir, ya ba shi baƙin mai, ya ƙwanƙwasa nan ya saurara can, ya ce da keke ne da tuni. Aka garzaya da shi Gwarzo wajen mai walda, ya buɗe cikinsa ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a.

Ga inji a kwance, ga rago a Kara, ga watan haihuwa ya kama. Maigida ya daina zuwa majalisa. Inna ta daina ambaton kalmar nan tata, in Badi'a ta kalle ta sai ta ce ai yanka ba farilla ba ne, ana iya raɗa suna a bar shi sai an samu hali. Gaskiya ne, amma ita kanta Inna ƙasa take kallo in tana faɗa.

Ranar Talatar nan da hantsi Badi'a ta ce ita fa ba ta yarda ba, injin da ya ci alkama mai tsakuwa ba zai mutu don an yi masa wanka ba. Ta ɗaure shi a benci, ta cusa masa kwaɓi, ta kama mariƙi da hannu biyu, ta sa duk ƙarfinta da na wanda ke cikinta. Ya ce gurr, da tsohuwar muryarsa sak, har ta buɗe baki za ta yi guɗa. Sai ya ce ƙas. Wani ɗan haƙori ya faɗo ƙasa, kaza ta biyo shi ta ɗauka tsaba ce. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. A daidai nan kuma bayan Badi'a ya amsa, ta dafe benci ta ce, “Wayyo Inna, injina!” Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, “Wannan ba na inji ba ne, shiga ɗaki.” Ta aika a kira ungozoma.

Shi ya tafi da hantsi. Kafin a kira la'asar aka ji wata sabuwar murya a gidan, ta fi tasa ƙarfi.

A nan ya kamata mai sanarwa ta ja bakinta. 'Yar fari ce, kuma kowa ya san uwa ba ta yabon 'yar fari, ba ta faɗin sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in an ce barka sai ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Badi'a tana kiyayewa. Ita ba ta ma kalli yarinyar ba. Ji kawai ta yi mata suna cewa wai gashinta ya sauko har goshi, baƙi wuluk, wai kumatunta na hagu yana lotsawa in ta motsa baki, wai yatsunta dogaye ne irin na masu iya murji, wai in ta damƙe yatsan mutum ba ta saki sai an lallaɓa ta, wai in ta yi atishawa sai ta buɗe ido ɗaya ta duba wa ya yi. Duk ji ne. Sanarwar rasuwa ake yi.

Ranar suna da safe maza suka taru a ƙofar gida, liman ya zo, aka raba goro. Maigida yana zaune a gefe ya ja hula har gira, don duk wanda ya taɓa jawowa shan ruwa ya zo yana waige-waige yana neman rago. A ciki Badi'a tana ƙuryar ɗaki lulluɓe da mayafi, mata sun cika gida, ana magana ƙasa-ƙasa irin wadda mai ita ta san da ita ake.

Sai aka ji kukan rago. Badi'a ta san muryar nan, ita ta gina ta da ƙanzo. Gwaggo Hajaratu ce ta taso tun daga Kara tana jansa da igiya, ƙafafunta duk raɓa. Ta wuce maza, ta ratsa mata, ta cire takalmi a ƙofar ɗaki, dattijuwa guda da furfurarta ta durƙusa a gaban sa'ar 'yarta.

Ta ce, “'Yar nan, nima iƙala na zo nema. Na ji abin da ya sami injin. Tun yana hannuna ya fara tauri, na ɗauka hannuna ne bai karɓa ba, kunya ta hana ni faɗa, da kika zo sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ba ƙari ba ragi aka ce, ni kuwa na karɓi ragon da ya ninka na ba ki injin da ya ragu. Tun da na ji, nono ya ƙi wuce mini a wuya. A warware waccan warwarewar. Ki karɓi ragonki, ki ba ni gawata.”

Inna ta yi tsalle ta dire. “Haba Hajaratu, tashi! Laifin namu ne, sokuwar nan ce ba ta gaya miki ba. Mu muka je har gida muka roƙa, ba za mu dawo mu canza magana ba. Koma da ragonki.”

“Ni ba zan koma da shi ba, Indo. An lalata shi da ƙanzo, ba ya cin abin da 'yan uwansa ke ci, sai ya tsaya a ƙofar madafa yana kallona.”

“To ki sayar mana!”

“In sayar da abin da ba nawa ba, a shekarun nan nawa?”

Tsofaffi biyu suka kaure da musu, kowace tana tura rago wajen 'yar uwarta, daga waje ana aikowa cewa liman yana da wani sunan a gaba, rana tana yi. Can Gwaggo ta ce, “Ke Indo, da ke na yi ciniki? Mai kaya ake roƙo, ga ta nan.” Kowa a ɗakin ya juya wajen mayafi. To mai jegon fari, ranar suna, a gaban dangin miji, abin da aka sani shi ne ta yi shiru, ko ta ce duk yadda manya suka gani. Inna ta watso harara, har ta cikin mayafi sai da Badi'a ta ji ta. Amma ta tuna hular da aka ja har gira. Gwaggo ta sake farawa, “'Yar nan, in Allah ya sa za ki...”

“Na yarda!”

An ce har bakin rijiya an ji. Yarinya ta farka ta tsala kuka, mata suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa, daga ƙofar gida wata murya da aka sani ta ce alhamdu lillahi, ba ta ma jira an fito an faɗa ba. Inna ta rufe fuska da gefen zani ta ce ita dai ba ta san inda ta samo wannan marar kunya ba, amma ita ce ta fara cewa a fito da babbar tasa. Aka kwantar da rago. Kitsen da aka ciro mutanen Madadi za su daɗe suna zancensa, kuma mai sanarwa tana so a sani cewa dusarta ce.

Sunan da aka raɗa bakin Badi'a ba zai faɗa ba, wannan karon biro ma ya ji kunya. Sai dai an ce maigida ya matsa kusa da liman ya faɗa masa wani suna ba wanda ya zo da shi ba. Da aka shigo da labari cikin gida kuma, Gwaggo ta zauna daɓas ta kama kuka, ta ce a miƙo mata takwararta. Mai ganewa ya gane. Inna dai tuni ta laƙaba mata Iƙala, kuma ga alama ya bi ta.

Marigayi ya rasu ya bar bencinsa, da tabon inda yake cizo a bakin katako. Ya bar kwanon kwaɓi, wanda yanzu ake jiƙa wanki a ciki. Ya bar igiyar shanya, ita ma ta samu sabon aiki, wasu 'yan riguna ne a kanta ƙanana-ƙanana, hannun rigar bai fi yatsa ba, an ce gwanin ban sha'awa. Ya bar kajin Inna, har yau suna zuwa ƙarƙashin igiyar su ɗaga kai. Ya bar masu kwanoni a Madadi da Masanawa, Allah ya ba su haƙuri da taliyar wani gida. Ya bar Inna Indo, wadda ta raine shi tun yana sabo ba ta bari ko yayyafi ya taɓa shi ba. Ya bar Badi'a, wadda ta ba da shi, ta karɓo shi, ta ƙarasa shi da hannunta. Ya kuma bar wata da ba su haɗu ba, saɓani suka yi a ƙofa, yana fita tana shigowa.

Game da jana'iza, tunda an warware warwarewa, gawa ta Gwaggo Hajaratu ce, Badi'a makokin kayan wani take yi. Za a ɗauke shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bayan keken maigida, keken nan da ya kai rago, zuwa Kara. Wanka ba sai an sake ba, an riga an yi masa wanda ya ishe shi. Likkafani farin ƙyallen nan ne na Gwaggo. Ba za a binne shi ba, ta ce a kan jerenta za ta ɗora shi tsakiyar ƙore, don ba ta da abin da ya kai shi sheƙi, kuma yanzu tana iya dirje shi safe da yamma ba mai ce mata komai. Mariƙin ne kawai ta bar wa takwararta, wai ta riƙa kaɗawa in ta fara zama.

Zaman makoki a ɗakin Inna Indo ne a Madadi, har mai sanarwa ta gama wanka ta yi arba'in. Akwai kunun kanwa, akwai soyayyen nama ga wanda ya yi sauri. Ban da taliya, wanda ya tambaya Inna ce za ta ba shi amsa. Masu zuwa ta'aziyya su wanke hannu kafin su shigo, don wataƙila a miƙa musu wani abu su riƙe, kuma a tallafi kan da kyau. Wanda ya ga lotsawar nan ta kumatun hagu ya faɗa da ƙarfi, saboda wadda ba ta kallo. Badi'a za ta kasance a ƙurya, a lulluɓe, kai a sunkuye, yadda ya dace da wadda aka yi wa rashi. In an ga mayafin yana girgiza, kuka ne. Kada kowa ya ɗaga ya duba.